Aidin Kafin Allura: Yadda Za a Kare Dattawa Daga Cuta Bayan Gwajin Furostet

Mafi yawan masu jiran likita a sashen cututtukan mafitsara na kowane babban asibiti dattawa ne da suka haura shekara 50, kuma kukansu kusan iri ɗaya ne. Fitsari ba ya fita da ƙarfi, cikin dare a tashi sau huɗu sau biyar, wani kuma ya riƙe masa gaba ɗaya sai da aka sa roba. A Maiduguri irin waɗannan marasa lafiya kan ƙare a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, wanda aka buɗe a 1983, ko kuma Asibitin Ƙwararru na jihar Borno. Ban da mutanen gari, akwai masu zuwa daga Biu da Monguno da Damaturu da Potiskum, har da Diffa ta Nijar da garuruwan Chadi da Kamaru. Bayan gwajin jini da dubawa, wasu daga cikinsu likita zai ce musu sai an ɗebi 'yar tsoka daga furostet an kai ɗakin gwaji kafin a san ko kansa ce.

Wannan ɗibar tsoka, da likitoci ke kira bayofsi, ba ta wuce minti 10 zuwa 15, kuma a ranar mutum zai koma gida da ƙafarsa. Amma tana da wani haɗari da ba kasafai ake zaunar da dattijo a yi masa bayaninsa ba. A cikin kowane mutum 100 da aka yi wa gwajin ta dubura, wasu 'yan ƙalilan za su kamu da cuta, kuma ɗaya zuwa uku na iya kaiwa ga kwanciya a asibiti saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Akwai hanya mai arha da ke rage wannan haɗari da kusan rabi, wato wanke dubura da aidin kafin allura ta shiga. Ga gari irin Maiduguri, inda magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka fara gazawa kuma majinyaci kan yi tafiya mai nisa bayan gwaji, wannan mataki ya cancanci zama doka a kowane ɗakin gwaji. Sai dai shi kaɗai ba ya isa, kuma ya kamata a san iyakarsa.

Dalilin ɗibar tsoka

Furostet wani ƙullutu ne mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya zagaye bututun da fitsari ke bi. Da shekaru sun ja yakan ƙara girma ya matse hanyar fitsari. Yawancin wannan kumburi ba kansa ba ne. To amma kansar furostet ita ce kan gaba cikin kansar da ke kama maza a Najeriya, kuma baƙar fata sun fi sauran jinsi saurin kamuwa da ita da mutuwa sanadinta. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya yi hasashe a 2024 cewa sababbin masu kamuwa da ita a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 nan da 2040, kuma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne za su fi jin jiki. Ke nan yawan masu bukatar bayofsi a nan ƙaruwa zai yi.

Likita kan fara da gwajin jini na PSA, sannan ya sa yatsa ta dubura ya taɓa furostet ɗin ya ji ko ya yi tauri ko yana da ƙulli. Idan PSA ya haura 4, ko yatsa ya ji abin da bai gamsu da shi ba, zargi ya shiga. Sai dai PSA ba ya yanke hukunci, domin ciwon sanyin mafitsara da riƙewar fitsari da sa roba duk suna iya ɗaga shi. Tsokar da aka duba a ƙarƙashin madubin likita ce kaɗai ke tabbatar da kansa, ita ce kuma ke nuna zafinta bisa ma'aunin Gleason, wanda wani likitan Amurka, Donald Gleason, ya tsara a shekarun 1960. Da wannan sakamako ake sanin wanda za a yi wa tiyata, da wanda za a gasa masa wurin da na'ura, da wanda za a ba allurar rage sinadarin namiji, da wanda za a bari ana sa masa ido kawai. Saboda haka wanda ya ƙi gwajin don tsoron kamuwa da cuta, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Hanyar da allura ke bi

Furostet na manne ne da bangon dubura ta gaba, don haka hanya mafi kusa gare shi ita ce ta nan. Tun 1989, lokacin da likitoci a jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna yadda ake ɗibar tsoka shida a jere tare da taimakon na'urar sikanin da ake sakawa ta dubura, wannan hanya ta zama ta kowa. Daga baya aka ƙara yawan tsokar zuwa 10 ko 12. Ita ce har yau aka fi bi a asibitocin Najeriya, kuma a inda babu na'urar, yatsan likita ne ke yi wa allura jagora.

Majinyaci zai kwanta ta gefen hagu ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji. A sa na'urar, hoton furostet ya fito a allo, a yi allurar kashe zafi a gefensa. Daga nan sai a zura siririyar allura mai ɗauke da bindigar sifirin. Likita zai ce, "Baba, za ka ji ƙara, kada ka motsa." Sai a ji ƙas, allura ta cilla ta dawo da tsoka siririya kamar zare, a saka ta cikin 'yar kwalba mai ruwan fomalin. Haka za a maimaita har sau 12.

Matsalar a fili take. Dubura matattarar ƙwayoyin cuta ce, biliyoyinsu na zaune a can ba tare da sun cutar da mai su ba, muddin suna cikin hanji. Duk sanda allura ta huda bangon, tana kwasar wasu ta dasa su a cikin furostet, wanda jijiyoyin jini suka yi masa yawa. Wadda ta fi yin ɓarna ita ce E. coli. Daga furostet tana iya sauka mafitsara, ta gangara maraina, ta taru ta yi ƙurji, ko ta faɗa cikin jini kai tsaye. Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro: jiki ya ɗau zafi, kyarma ta kama mutum, jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, kuma duk wannan na iya faruwa cikin yini ɗaya.

Maganin da ya gaji

Shekara da shekaru kariyar da aka dogara da ita ita ce a ba mutum sifurofulokzasin, wato sifro, kafin gwaji. Yana da arha, ana haɗiyarsa, kuma yana ratsa tsokar furostet sosai. Ya yi aiki na wani lokaci, sannan ƙwayoyin cuta suka fara sabawa da shi. Wani bincike a lardin Ontariyo na Kanada da ya bi bayanan maza fiye da 75,000 ya gano cewa, cikin waɗanda aka gwada ba a sami kansa ba, masu kwanciya asibiti a wata guda bayan bayofsi sun tashi daga kashi 1 cikin 100 a 1996 zuwa kashi 4.1 a 2005, kuma kamuwa da cuta ce ta kwantar da mafi yawansu. Wannan a ƙasar da ba a sayar da irin wannan magani sai da takardar likita ke nan.

A nan kuwa labarin ya fi haka muni. Mutum zai shiga kemis a unguwa ya ce, "Malam, jikina ba daɗi, ina jin taifot ne." Kafin ya rufe baki an miƙo masa katin sifro da na maleriya. Ya sha kwana biyu, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran don wata rana. Mai gudawa ma sifro, mai jin zafin fitsari sifro, masu kiwon kaji kuma na zuba danginsa a ruwan shan kajinsu. Dattijon da ya shekara yana fama da fitsari kafin ya zo asibiti, da wuya a ce bai sha shi ba sau da dama a matsayin maganin sanyi. Kowane zagaye yana kashe ƙwayoyin hanji masu rauni ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Ranar bayofsi, waɗanda suka rage a duburarsa su ne ainihin waɗanda sifro ba ya iya musu. Binciken asibitoci da dama a Najeriya ya sha nuna cewa kaso mai yawa na E. coli, a wasu wuraren fiye da rabi, ba sa jin wannan magani, wasunsu ma ba sa jin allurar seftiriyazon.

Babban nazarin da Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Najeriya ta fitar da shirinta na farko na yaƙi da matsalar a 2017, amma sayar da magani barkatai bai tsaya ba. A Turai kuma, a 2019 hukumomi sun taƙaita amfani da sifro da danginsa saboda illar da yake yi wa jijiyoyi da agara, har aka daina amincewa da shi a matsayin rigakafi kafin bayofsi.

Likitoci sun nemi mafita ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce a ɗauki samfuri daga dubura kwanaki kafin gwaji, a shuka shi a ɗakin gwaje-gwaje, a ga maganin da ƙwayoyin mutumin ke ji, a ba shi wannan. Ta biyu ita ce a haɗa magani biyu, misali sifro da allurar jentamaisin ko amikasin. Ta uku ita ce a koma wani magani dabam irin su fosfomaisin. Kowace na da tsadarta. Shuka samfuri na bukatar ƙarin zuwa asibiti da ƙarin kuɗi. Haɗa magunguna kuwa yana ƙara wa ƙwayoyin cuta horo, ga shi jentamaisin da amikasin na taɓa ƙoda, alhali Borno da Yobe sun yi suna da yawan masu ciwon ƙoda, kuma dattijon da fitsari ya daɗe yana riƙe masa ƙodarsa ta riga ta wahala. Wannan ne ya sa hankali ya koma ga rage ƙwayoyin tun a bakin ƙofa, kafin allura ta ɗauke su.

Abin da aidin ke yi

Wani Bafaranshe, Bernard Courtois, shi ya gano sinadarin aidin a 1811, kuma tun ƙarni na 19 ake wanke rauni da shi. Tsohon aidin na kwalba, wanda ake haɗawa da sifirit, yana da zafi kuma yana ƙona fata mai taushi. A 1955 aka samar da wani nau'i a Filadelfiya ta Amurka, inda aka ɗaure aidin da wani sinadari mai suna fobidon, yana sakinsa a hankali. Shi ne ruwan nan mai launin ƙasa-ƙasa da ake shafa wa ciki kafin tiyatar haihuwa, wanda da yawa suka sani da sunan Betadine. Ana iya shafa shi a baki da farji da dubura ba tare da ƙuna ba.

Bambancinsa da maganin sha shi ne yadda yake kisa. Sifro wurare biyu kawai yake kai wa hari a cikin ƙwayar cuta, don haka idan ta sauya waɗannan wurare ta tsira. Aidin kuwa ratsa bangonta yake yi ya lalata sassanta da yawa a lokaci guda. Shi ya sa duk da daɗewar da aka yi ana amfani da shi, ƙwayoyin cuta ba su iya bijire masa yadda suka yi wa magungunan sha ba. E. coli ɗin da ta gagari sifro da seftiriyazon, a gaban aidin daidai take da sauran 'yan uwanta.

Aikin ba shi da wuya. Bayan majinyaci ya kwanta, a fara wanke fatar bakin dubura da kewayenta. Sannan a jiƙa tsabtatacciyar auduga da fobidon aidin mai ƙarfin kashi 10, a riƙe ta da almakashin riƙo ko a naɗa a yatsa, a shafe bangon dubura na gaba daidai saitin furostet, ko kuma a zuba ruwan ciki da sirinji marar allura. Sai a dakata aƙalla minti biyu. Wannan dakatawa ita ce ake yawan tsallakewa idan layi ya yi tsawo, kuma ita ce ruhin aikin, domin aidin na bukatar lokaci kafin ya gama kisa. Bayan haka ne na'ura da allura za su shiga.

Ko akwai hujja? Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen an yi shi a Bankuba ta Kanada aka buga a 2013. An raba maza 865 gida biyu, duka an ba su sifro, amma rukuni ɗaya ne aka wanke wa dubura da aidin. Kashi 2.6 cikin 100 ne suka kamu da cuta a rukunin aidin, a ɗaya rukunin kuma kashi 4.5. Ragin a bayyane yake, sai dai bisa ƙa'idar lissafi yawan mutanen bai kai a yanke hukunci da wannan gwaji shi kaɗai ba. A 2021 wasu masana na Ƙungiyar Likitocin Mafitsara ta Turai suka tattara gwaje-gwaje 90 kan duk dabarun da ba na magani ba. Da suka haɗa waɗanda suka shafi aidin, sai suka ga yana rage kamuwa da cuta da kusan rabi, yana kuma rage kwanciya asibiti fiye da haka. Dalilin da ya sa ke nan ƙa'idojin ƙungiyar suka ce duk wanda za a yi wa bayofsi ta dubura a wanke masa da fobidon aidin.

Wannan nazari ya kuma kawar da wasu zato. Wankin hanji da ake yi ta dubura kafin gwaji bai nuna yana rage cuta ba, ko da yake kashi da jini na rage ƙarfin aidin, don haka yana da kyau mutum ya yi bahaya kafin ya zo. Rage yawan tsokar da ake ɗiba ma bai nuna bambanci ba, haka allurar kashe zafi ba ta ƙara haɗari, saboda haka babu dalilin barin dattijo ya cije haƙora. Wasu likitoci na tsoma bakin allura a fomalin ko sifirit bayan kowace ɗiba, wasu na amfani da kuloheksidin a madadin aidin, amma hujjarsu ba ta kai ta aidin ƙarfi ba.

Iyakarsa da sharuɗɗansa

Rabi ba duka ba ne. Aidin yana rage ƙwayoyin da ke kan bango, amma ba ya mayar da dubura wuri marar ƙwaya, kuma duk gwaje-gwajen da suka fi ƙarfi tare da maganin rigakafi aka yi amfani da shi. Wanda ya ce aidin ya wadatar a daina ba da magani, ya zarce abin da hujja ta nuna. Haka nan ba ya taɓa ƙwayoyin da suka riga suka zauna a mafitsara. Mutumin da ya yi watanni da roba kusan koyaushe fitsarinsa na ɗauke da su, don haka sai an gwada fitsari an yi maganin abin da aka gani kafin a sa ranar bayofsi.

Akwai waɗanda dole a yi hattara da su: wanda fobidon aidin ya taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko kumburi, da mai maƙoƙo ko wata cutar ƙwayar maƙogwaro. Ruwan kansa ma sai an kula da shi. A zafin Maiduguri na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kwalbar da aka bari a taga rana na dukanta ba abin dogaro ba ce. Kwalbar da ta daɗe a buɗe ana ta tsoma mata auduga na iya gurɓata, domin an taɓa samun ɓarkewar cuta a asibitocin ƙasashen waje daga gurɓataccen aidin. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a zuba na mutum ɗaya a ƙaramin kwano mai tsabta, abin da ya rage a zubar. Kuma duk wannan banza ne idan allurar an taɓa amfani da ita, ko bututun da ke yi mata jagora ba a tsarkake shi ba, ko man da ake shafa wa na'ura ya gurɓata.

Gargaɗi ɗaya ga iyalai. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne a ɗakin gwaji, ba na gida ba. Kada wani ya ji an ce aidin, ya sayo na kwalba mai sifirit ko Dettol ko wani jiƙo na basir ya ɗura wa tsoho. Ƙona bangon dubura zai yi, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya tun kafin allura ta zo.

Sauya ƙofar shiga

Akwai hanyar da ke kauce wa dubura gaba ɗaya. Ana huda fatar da ke tsakanin maraina da dubura, allura ta isa furostet ta nan. Fata kuwa ana iya wanke ta tas kamar yadda ake yi kafin kowace tiyata. Da can sai an sa mutum barci, amma yanzu ana yi da allurar kashe zafi kawai. Nazarin 2021 ɗin nan ya nuna tana rage kamuwa da cuta, kuma wani gwaji da aka yi a Norwe da Jamus aka buga a 2022 ya nuna ana iya yin ta ko ba maganin rigakafi ba tare da haɗari ya ƙaru a zo a gani ba. Likitocin Turai yanzu ita suke fifitawa.

Duk da haka muhawara ba ta ƙare ba. A 2024 an buga manyan gwaje-gwaje biyu daga Amurka. Ɗaya, na birnin Albani, bai ga bambanci tsakanin hanyoyin biyu ba. Ɗayan kuma bai sami ko mutum ɗaya da ya kamu ta hanyar fata ba, alhali ta dubura an sami ƙasa da kashi 2 cikin 100, duk da an zaɓa wa kowane mai hanyar dubura magani bisa gwajin samfurinsa. Darasin da za a ɗauka biyu ne. Hanyar dubura, idan an yi ta da cikakken shiri, ba abar gudu ba ce. Kuma a inda ƙwayoyin cuta suka fi taurin kai fiye da Amurka, fifikon hanyar fata zai fi fitowa.

Abin da ke tsakanin asibitocinmu da wannan hanya shi ne kayan aiki da horo. Tana bukatar na'urar sikanin ta musamman da likitan da hannunsa ya saba, tana ɗaukar lokaci, kuma ta fi ɗan zafi. Haka batun hoton MRI kafin bayofsi: wani gwaji na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka fara yi wa hoton ba su bukaci allura ba sam. Wanda ba a huda ba kuwa babu ta inda zai kamu. Amma kowa ya san kuɗin MRI, kuma Maiduguri ta ga yadda manyan na'urori ke da rauni a ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari ya shiga asibitin koyarwa ya lalata kayan aiki masu tsada. Aidin da auduga ba sa jiran wutar lantarki ko injiniya daga waje. Kafin sabuwar hanya ta wadata, su ne abin da ke hannu yau.

Kwana ukun farko

Komai kyan shiri, wani zai kamu, kuma a nan ne yanayin Borno ke ƙara wa lamarin nauyi. Mummunar cutar kan bayyana ne cikin kwana biyu zuwa uku na farko. Ɗan jini a fitsari ko bahaya na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne, a maniyyi ma yana iya kai makonni. Abin da ke bukatar komawa asibiti nan take shi ne zazzaɓi, kyarma, riƙewar fitsari, kumburin maraina, numfashi sama-sama, jinin da ya ƙi tsayawa, ko tsoho ya fara surutai da ruɗewa.

A gidajenmu duk zazzaɓi maleriya ne, balle daga Agusta zuwa Oktoba. Baba zai fara rawar ɗari da daddare, ɗansa ya garzaya kemis ya karɓo maganin maleriya da farasitamol, a lulluɓe shi a ce da safe a gani. Wani lokaci ma a yi gwajin tsinke ya nuna maleriyar, hankali ya kwanta, alhali mutum na iya ɗauke da ita kuma jininsa na cike da E. coli. Ƙa'idar da ya kamata kowane iyali ya riƙe ita ce, zazzaɓi bayan bayofsi cutar jini ce har sai likita ya ce ba ita ba. Maganinta kwanciya ne da ƙarin ruwa da allurar jijiya mai ƙarfi, wadda ta bambanta da maganin da aka ba shi kafin gwaji, tunda wancan ya riga ya gaza. Kowace sa'a da aka ɓata tana ƙara haɗari.

Wanda ya fito daga Monguno ko Gwoza ko Diffa, hanyarsa ba a bin ta cikin dare, wasu hanyoyin ma jami'an tsaro kan rufe su da yamma. Don haka ya dace tun ranar sa lokaci a gaya masa ya shirya kwana uku a cikin gari, wurin 'yan uwa ko masauki kusa da asibiti. A ba shi takarda mai ɗauke da ranar gwaji da sunan maganin da aka ba shi da lambar wayar da zai kira, a kuma yi bayanin da Kanuri ko Hausa ko Shuwa a gaban ɗan da ya rako shi, domin shi ne zai yanke shawara da tsakar dare. Kunya kan hana dattijo faɗa wa iyalinsa ta inda aka yi gwajin, sai su rasa abin da za su gaya wa ma'aikacin da ya karɓe su a sashen gaggawa. Takardar ita za ta yi magana a madadinsa.

Shi ma majinyaci akwai nasa. Ya faɗa wa likita gaskiya idan ya sha sifro ko wani maganin sanyi cikin wata shida da suka wuce, ko da na kemis ne. Ya faɗi idan yana da ciwon sukari, ko ya kwanta asibiti kwanan nan, ko yana shan asfirin da sauran magungunan tsinka jini. Waɗannan amsoshi ne ke sa likita ya sauya magani ko ya ɗaga ranar. Kuma ba rashin ladabi ba ne ɗa ya tambaya, "Likita, za a wanke wa Baba wurin da aidin kafin a yi?"

Abin da ya rage ga asibitoci

Duk cibiyar da ke yin bayofsi a arewa maso gabas na iya ɗaukar matakai huɗu ba tare da jiran kasafin kuɗi daga Abuja ba. Ta rubuta wanki da fobidon aidin da dakatawar minti biyu cikin jerin abubuwan da dole a cika kafin allura, yadda ba zai dogara da wanda ke bakin aiki ranar ba. Ta hana yin gwaji ga wanda ba a duba fitsarinsa ba. Ta sa ɗakin gwaje-gwajenta ya riƙa fitar da bayani duk shekara kan magungunan da E. coli na yankin ke ji, a zaɓi rigakafi bisa wannan maimakon kwafo abin da littattafan wata ƙasa suka ce. Sannan ta buɗe rajista, a riƙa kiran kowane majinyaci a waya a rana ta uku da ta bakwai, a rubuta wanda ya yi zazzaɓi da wanda ya kwanta. Wanda ya kamu ya je wani asibiti, ko ya rasu a ƙauye, likitan da ya yi masa gwaji ba zai taɓa ji ba idan ba a bi sawu ba, sai ya ci gaba da ɗauka hanyarsa ba ta da matsala.

Da irin wannan rajista ne asibiti zai iya zuwa gaban hukuma da alƙaluman kansa ya nemi na'ura da horon da za su ba shi damar komawa hanyar fata. Da ita ne kuma zai iya kallon dattijo ya gaya masa, cikin mutum 100 da muka yi wa wannan gwaji bara, ga adadin da suka sami matsala, ga kuma abin da muka yi musu. Mazan da ke zuwa asibiti sai kansa ta kai ƙashi sun yi yawa, kuma labarin mutum ɗaya da ya shiga gwaji da ƙafarsa ya ƙare a gadon asibiti ya isa ya hana maza goma na unguwarsu zuwa. Tsare lafiyar wanda aka yi wa gwaji yau shi ne zai jawo na gobe ya zo da wuri, lokacin da kansar ke jin magani.